Kawu da Kalmomin da Ba a Nunawa da Yatsa

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi Kawu ya riga mu komawa. Ya rasu da hantsi, a ƙarshen damina, lokacin da kogin Kwara ya cika ya kwanta a kan gonakin shinkafa. Shi ne yayan mahaifiyata, babba a ɗakinsu, tsohon malamin fizik wanda ya daɗe yana koyarwa a nan Gaya kafin ya ajiye alli.

Ban san yawan mutanen da suka bi ta hannunsa ba sai da aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Suka yi ta zuwa, daga Tanda, daga Bengu, wasu har daga ƙetaren gada. Mushe suke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan. Shi kuwa yakan ce sunan bai dame shi ba, tunda har yanzu ungulu ba su sauka a kansa ba.

Wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mai furfura a gemu, ya bar motarsa a layin gada ya tako da ƙafa. Ya durƙusa daga bakin ƙofar mata ya ce wa mahaifiyata, "Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Ni ban taɓa cin jarrabawarsa ba. Amma har yau, in aka ce mini kuran, wato wutar batir, ya ƙare, sai in ji muryar Mushe a kunnena tana cewa, ka gan shi da zai tafi?" Ya yi dariya, dariyar ta karye ta koma kuka, ya tashi ya fita.

Limamin unguwa ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ke jin daɗin cewa "ban sani ba" kamar marigayi ba. Tanti, matar Kawu, ba ta yi kuka ba a ranar farko. Tana zaune tana jan carbi, duk wadda ta zo sai ta ce mata, "Ban taɓa aikensa kasuwa ya dawo da abin da na ce ba. Yanzu wa zan yi wa faɗa?"

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma aikinsa na gada, fizik nake koyarwa a kolej. Na zauna cikin masu makoki ina jin kowa yana riƙe da ɗan guntun Kawu, sai na ji tsoron kada guntayen su watse kowa ya tafi da nasa. Shi ya sa nake rubuta nawa.

Na fara saninsa a matsayin malami ranar da ya shigo ajinmu da pil guda, wato batir ɗin tocila, da waya, da ɗan ƙaramin ampul, wato ƙwan fitila, a aljihun riga. Ya haɗa su, ampul ya kawo haske. Ya ce, "Wa zai nuna mini pil?" Muka nuna. "Waya fa?" Muka nuna. "To, wa zai nuna mini kuran?" Wata yarinya ta nuna hasken. Ya girgiza kai ya ce wannan haske ne. Wani ya nuna wayar. Ya ce wannan jan ƙarfe ne. Ya tsaya yana kallonmu da murmushi, kamar wanda ya kawo mu bakin wani ruwa mai faɗi ya bar mu mu yi kallo.

Ya ce, "Kalmomin wannan darasi iri biyu ne. Akwai waɗanda yatsa ke kaiwa, akwai waɗanda yatsa ba ya kaiwa. Duk wahalar fizik tana cikin na biyun, duk daɗinta ma a nan yake."

Na bi shi gida da yamma da tambayata, don elektaron da ya ambata cikin na biyun ya tsaya mini a rai. Na ce, "Kawu, idan ba wanda ya taɓa ganin elektaron, to da aka ce elektaron, me ake nufi?" Yana zaune a gindin mangwaronsa yana fifita gawayin shayi. Ya ce in matso. Ya miƙo mini hannunsa ya ce, "Duba nan. Duba kunnena, duba hancina. Nuna mini inda kawuntaka take a jikina."

Na yi dariya na ce babu.

Ya ce, "Amma ni kawunki ne, ko? Ba ƙarya ba ce. Sai dai ba za ki gane kalmar ba sai kin san uwa, kin san ɗan'uwa, kin san ɗiya. Haka elektaron yake. Ba ya zama shi kaɗai. Ma'anarsa tana wurin danginsa, su kuran, su caji, su ƙarfi. Kowannensu yana riƙe da hannun wani, can a ƙarshen layi kuma sai ki sami wanda ya dafa abin da ido ke gani: allurar abin awo ta motsa, ampul ya kama. In kika yanke wannan layi, abin da ya rage sauti ne kawai a baki."

Ya zuba shayin daga sama, kumfa ta taso. Ya ƙara da cewa, "Kada ki ɗauki misalin nan da nauyi, ɗiyata. Misali yana kai mutum bakin ƙofa ne, ba ya shiga da shi."

Bayan na girma na dawo Gaya da aiki, sai ya zama duk Juma'a bayan la'asar mukan taka zuwa bakin kogi. Waɗannan yammacin su ne na fi tunawa, kuma a yanzu sun narke cikin juna, ban iya raba wannan da wancan. Kullum dai akwai giginyu a tsaye, dogaye, ba sa motsi. Akwai kwale-kwalen masunta yana zamewa a kan ruwa kamar ba a tuƙa shi. Hayaƙin bandar kifi yana kwance ƙasa-ƙasa, kamiyoyi a jere kan gada sun yi ƙanana daga nesa. Kawu yana tafiya hannuwa a baya, yana magana a hankali, rabi da ni, rabi da ruwan.

Wata rana ya ce, "Lokacin da nake ɗalibi, an zana mana atom kamar rana da taurari suna kewaya ta. Da na fara koyarwa, littafi ya ce a'a, kamar hazo ne. Sunan bai canza ba. To, abu ɗaya muke ta kira tun farko, muna ƙara saninsa? Ko kuwa wani ya tashi, wani ya zo ya zauna a cikin rigarsa?"

Na ce, "Kai me ka gani, Kawu?"

Ya ce, "Ranar Litinin ina ganin na farko. Kafin Alhamis na koma na biyu." Ya tsaya yana kallon wani farin tsuntsu da ya sauka cikin shinkafa. "Ban sani ba," in ji shi, fuskarsa cike da jin daɗi.

Yana da wata ɗabi'a ta farautar kalmomi. Ya ji haushin yadda Hausa ke kiran abubuwa biyu daban na fizik da kalma ɗaya, ƙarfi, sai ya riƙa tare mutane a kasuwa yana tambayar yadda ake cewa da Dendi, da Zabarmanci, da Fulatanci. Haka Tanti za ta aike shi sayen tattasai, ya dawo bayan azahar hannu wofi, yana murna wata mai nono ta ba shi kalma.

Mutane sun ɗauki wannan hali nasa abin dariya ne mara cutarwa. Ni ma haka na ɗauka, har shekarar da aka auna Inna, mahaifiyata, aka ce tana da tansiyo, wato hawan jini, aka rubuta mata ƙwayar da za ta riƙa sha kullum. Inna ta ce ita ba inda ke mata ciwo. Tana daka, tana zuwa biki, me za ta yi da magani?

Wanda ya tsaya mata shi ne autansu, Kawu Ƙarami, mai kamiyoyi uku da ke jigila tsakanin Kwatano da Yamai. Mutum ne mai jiki, mai murya, mai kyauta, wanda in ya shigo gida sai kowa ya san ya shigo. Yana ƙaunar yayansa, amma bai taɓa ɗaukar maganarsa da muhimmanci ba.

A tsakar gidanmu suka yi ta, ina tsaye da buta a hannu. Kawu Ƙarami ya ce, "Yaya, kai da bakinka ka ce waɗannan abubuwan ba wanda ya taɓa ganinsu. Kai ka ce masanan ma yau su ce kaza, gobe su canza. To don me za a ɗora wa baiwar Allah magani har ƙarshen ranta saboda sunan da wasu suka ƙirƙira?"

Na ga fuskar Kawu ta canza. Maganarsa ce aka ɗauko, aka juyo da ita ta nufo ƙanwarsa.

Ya ce, "Na ce ba a gani. Ban ce babu ba."

"Mene ne bambancin?"

"Bambancin shi ne kalmar nan tana yin alkawari. Ta ce in aka ɗaura abin awo, allura za ta kai wuri kaza, kuma ta kai. Ta ce in aka sha magani za ta sauko. Ta ce in aka bari, wata rana jijiya za ta iya fashewa. Kalmar da ba ta alkawarin komai, wadda duk abin da ya faru za ta ce ai na faɗa, ita ce abin gudu. Wannan kuwa ana iya kama ta da ƙarya, kuma ba a kama ta ba."

Kawu Ƙarami ya yi tsaki ya ce, "Surutun aji ne. Ka tsufa kana wasa da kalmomi kamar yaro da tsakuwa."

Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce, "In wani abu ya same ta, kai ne!" Kawu Ƙarami ya kaɗa rigarsa ya fita. Daga nan suka daina zuwa gidan juna. A masallaci su gaisa, a suna su zauna nesa. Inna ta yi ta kai-kawo tsakaninsu har ta gaji.

Kawu bai sake yi wa Inna bayani ba. Abin awo ya sayo, irin mai famfon roba, ya je wurin wata tsohuwar ɗalibarsa ma'aikaciyar likita ta koya masa. Kowace safiya sai ga shi da shi a jaka. Ya ɗaura mata, ya sa ta kalli allurar da idonta, ya zauna su sha koko, ya tafi. Ba ya cewa ta sha maganin, ba ya cewa kada ta sha. Wata safiya ita da kanta ta ce, "Yaya, miƙo mini ƙwayar nan in ga ko allurar taka za ta ji." Ta sha. Bayan kwanaki allura ta sauko. Inna ta ce, "Lallai akwai wani abu a ciki." Har yau tana sha, kuma ga ta da ranta ta binne shi.

Ya aika wa ƙanensa saƙo ta bakina cewa ya zo shi ma a auna shi, tunda jininsu ɗaya. Kawu Ƙarami ya ce in gaya masa shi mai lafiya ne, ya ajiye famfonsa.

Da bazarar da ta biyo, a tashar manyan motoci, yana cikin yi wa direbansa magana, sai ya zame ya faɗi. Aka kai shi Doso. Ya rayu, amma gefensa na dama ya mutu, magana kuma ta tafi. Mutumin da muryarsa ke cika tsakar gida aka dawo da shi yana kallon mutane da ido, baki yana motsi ba abin da ke fita.

Na raka Kawu ranar da ya je duba shi. A hanya ina ta fargabar abin da zai ce. Ya shiga, ya zauna a bakin gado, ya kama hannun da ya mutu ya riƙe. Sannan ya ce, "Auta, ka yafe mini tsawar da na yi maka." Tun daga ranar har ya bar duniya ban taɓa jin ya ambaci tansiyo a gidan nan ba, kuma wanda duk ya fara cewa ai da an ji magana, sai Kawu ya kalle shi har ya yi shiru.

Sai ya koma malami, da ɗalibi guda. Kowace safiya, bayan ya auna Inna, ya wuce gidan ƙanensa. A fito da Kawu Ƙarami a zaunar da shi a inuwar zaure, a ajiye wa Kawu kujerarsa ta roba a gefe. Ya ɗaga kofi ya ce, "Kofi." Ya nuna ya ce, "Ƙofa." "Ruwa." "Akuya." Ya maimaita, ya sake maimaitawa, ba gajiya, ba gaggawa. In na sami sarari nakan je in zauna in kalle su. Rana tana ratsowa ta ƙofar zaure, ƙura tana yawo a cikin hasken a hankali, tsofaffi biyu suna raɗa wa duniya suna daga farko.

Abin da ya ba Kawu mamaki shi ne, mutumin da ba ya iya roƙon ruwa, in aka fara masa Fatiha sai ya kai ta ƙarshe ba tuntuɓe. Ya yi ta juya wannan a bakin kogi. Ya ce, "Ashe ba a ɗaki ɗaya ake ajiye kalmomi ba."

A hankali kalmomi suka fara dawowa. Kofi ya dawo. Ruwa ya dawo. Mota ta dawo da wuri, har muka yi dariya. Amma da suka gama abubuwan da ke cikin zaure da tsakar gida, sai suka tsaya cik. Kawu ya ce mini, "Mun zo bakin inda yatsa ke ƙarewa. Yaya zan nuna masa jiya? Yaya zan nuna masa wataƙila? Shekara da shekaru ina gaya wa yara kalma tana samun ma'ana daga danginta. Yanzu ga ɗan'uwana, dole in gwada ko gaskiya na faɗa."

Dabarar da ya yi ita ce ba da labari. Ya riƙa ɗinka sababbin kalmomi a tsakanin tsofaffi. "Jiya ka sha koko. Yau ka sha shayi. Gobe mota za ta zo." Kullum, da abin da ya faru da gaske, har kalmar ta sami inda za ta dafa. Ya yi ta yi ana ganin kamar a banza. Sai wata safiya, da Kawu ya miƙe zai tafi, ƙanensa ya kama masa gefen riga da hannun hagu, ya yi ta kokawa da bakinsa, ya ce, "Gobe."

Kawu ya zo makarantarmu a ranar, ya tsaya a bakin taga har na fito daga aji. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ya ce gobe, ɗiyata. Ba kofi ba. Gobe."

Haka suka ci gaba shekaru. Maganar Kawu Ƙarami ba ta taɓa komawa yadda take ba, kalma biyu, kalma uku, amma yana faɗin abin da yake so, yana gaisawa, har yana tsokanar yayansa.

Ciwon Kawu na ƙarshe bai ja lokaci ba. Ƙirji ne ya riƙe shi, jiki ya yi ta raguwa. Na je duba shi da yamma, an kwantar da shi a gindin mangwaro don ya ƙi ɗaki. Na zauna ina yi masa fifita. Don in sa shi magana, na ce, "Kawu, rai fa? A wane layi yake cikin kalmominka?"

Ya yi murmushi ido a rufe. Ya ce, "Wannan ba ta cikin kayan ajinmu. Ba ni da allurar da ke motsa mata. Mai ita ya ce kaɗan aka sanar da mu, ni kuwa na yarda." Ya buɗe ido ya dube ni. Sai ya ce, "Kada a bar Auta shi kaɗai da safe. In aka daina yi masa magana, kalmomin za su sake guduwa."

Da Kawu ya rasu, an kai Kawu Ƙarami wurin jana'izar a cikin mota, an dawo da shi, bai ce uffan ba. Duk kwanakin zaman makoki bai furta ko kalma ɗaya ba, har matarsa ta fara tsoron ko maganar ta sake tafiya.

Da aka tashi daga makoki, na shirya da safe na tafi gidansa. Na tarar an riga an fito da shi zaure, don matarsa ta ce tun asuba yake nuna ƙofa. An ajiye kujerar roba a gefensa kamar kullum. Ban iya zama a kanta ba, na zauna a tabarma. Na gaishe shi, ya gyaɗa kai. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ɗaga kofin da ke gabansa.

Ya kalle ni kamar na raina shi. Ya ce, "Kofi."

Na nuna waje. Ya ce, "Akuya." Na ji sanyi a raina, suna nan ba su gudu ba.

Sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna kujerar. Na ce, "Kujera, Kawu." Ya girgiza kai. Ya sake nunawa. Na ce, "Yayanka?" Ya girgiza kai da ƙarfi, ya dafa ƙirjinsa, ya sake nuna kujerar, ya sake dafa ƙirji. Bakinsa yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Na tuna Kawu ba ya taɓa yi masa gaggawa, sai na kama bakina na jira. Wata kaza ta shigo zauren ta zaga ta fita. Can daga nesa ana jin kamiyo yana hawa gada.

Ya ce, "Kewa."

Ban taɓa jin Kawu ya koya masa ita ba. Na tambayi matarsa daga baya, ta ce ita ma ba ta taɓa ji ba. Na tashi daga tabarma na zauna a kujerar, na kama hannunsa, muka yi kukan da duk kwanakin nan ba mu yi ba. Da muka gaji, ya goge fuska da hannun riga, ya kalle ni ya ce, "Gobe?"

Na ce, "Gobe, Kawu, in Allah ya kai mu."

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, mai yawan tambaya, mai sauƙin cewa bai sani ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi kamar inuwar da ya zaunar da mu. Ka nuna masa abin da ido bai taɓa gani ba. Mu kuma da muka rage, ka ba mu haƙurin zama da juna. Amin.